KEKEN INNA YA TASHI: JAWABI A TARON RESHEN MATA

Wannan shi ne jawabin da wata 'yar'uwa daga reshen mata ta gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a nan Sabo, Badun. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Da farko ina neman afuwa, domin ni ban saba tsayawa gaban jama'a ba, kuma ni ba tela ba ce. Abin da ya sa aka ce in tashi, a zaman da ya wuce ne aka kawo batun kuɗin da reshen mata ya tara, aka ce a sayi sababbin kekunan ɗinki a raba wa zawarawa da 'yan matan da suka gama koyo, sai na ɗaga hannu na ce a ɗan dakata. Na san wasu sun ji haushina, har ya dawo kunnena wai ni ce mai hana ruwa gudu. To, ga dalilina. Ma'aji ya gaya mana kuɗin ba zai wuce keke huɗu ba, alhali sunayen da ke takarda sun haura ashirin. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Mutum huɗu su tafi da keke, sauran su tafi da gunaguni, mu kuma mu shekara muna sulhu. Saboda haka zan ba ku labarin wani keke guda, in na gama ku yanke abin da kuka ga ya dace.

Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, a jirgin ƙasa aka kawo ta garin nan amarya daga Kano. Mahaifinmu fataken goro ne. Kullum in ana ba da tarihin unguwar nan, tun daga kafa ta a 1916, goro da shanu ake ambata, kuma gaskiya ne su suka kawo kakanninmu. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato abin da mata suke yi a cikin gida, wanda shi yake riƙe tukunya a shekarar da goro ya yi gardama. A gidanmu keken ɗinki ne. Baba ya saye shi na hannu wurin wani tela Bayarabe tun kafin a haife ni, baƙin Singer mai zanen ruwan zinariya, irin na ƙafa. Da shi Inna take ɗinka wa matan layinmu riguna da kayan yara da kayan suna, da shi ta yi adashi, da shi ta haɗa mana kayan ɗaki mu uku. Ni dai tun ina ƙarama ƙarar keken nan ce take sa ni barci, musamman goman ƙarshe na azumi.

A 1998 idonta ya yi rauni, ta kasa zura zare, ta ajiye. Mu 'ya'yanta kuwa, kunya ta kama ni in faɗa, babu wadda ta koya. Aka cire kan keken aka tura ƙarƙashin gado, ƙafafun ƙarfen da teburin aka mai da su wurin jera tukwane a tsakar gida. Haka ya zauna shekara 25.

Da Allah Ya karɓi abinsa a ƙarshen 2022, aka zo rabon gado. Malamin da ya zo raba mana ya ce a fito da kome, ko allura ce, domin duk abin da mamaci ya bari haƙƙin magada ne, ba a cewa wannan tarkace ne a bar wa wance. Aka jawo kan keke daga ƙarƙashin gado, ɓera ya yi gida a cikinsa, ko motsi ba ya yi. Nan rigima ta tashi, kuma ba don kowa yana son ɗinki ba. Wani ɗan gwangwan ya ɗaga ya ji nauyi, ya yi tayi a kan kilo. Kafin a sallama sai wani yayanmu ya ce a tsaya, wai an gaya masa tsofaffin Singer akwai jan makuri a cikinsu, kuma akwai masu saye da miliyoyi.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don na san maganar nan ta shiga gidaje da yawa. Jama'a, babu wani jan makuri. Wannan ji-ta-ji-ta tsohuwa ce. A 2009 ta tashi a Saudiyya, mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekuna da kuɗi masu yawan gaske, har ana sace su daga shagunan teloli, daga baya ta bayyana damfara ce. Can ma gwajin da ake yi shi ne a kara wayar hannu kusa da allura, wai in sabis ya ɗauke to akwai shi. Haka wasu samari biyu suka zo gidanmu suka yi ta kara waya. Na ce da su, yara, a ɗakin nan ai sabis ba sai an kai shi wurin allura yake ɗaukewa ba. Abin da suke so shi ne a ba su kuɗin gwaji, ko kuma a bar su su tafi da kan keken wurin ogansu. Wata biyu yayana ba ya amsa gaisuwata sosai a kan wannan magana. A ƙarshe malam ya sa aka kira tela da makanike suka yi wa keken kuɗi a matsayinsa na keke, aka cire daga rabona, na ɗauke shi da shaida. Ina faɗin wannan ne don duk wadda za ta taɓa keken gado ta fara wanke shi ta wannan hanya kafin ta wanke shi da kananzir.

Me ya sa na nace? 'Yata ce. A lokacin aurenta ya mutu, ta dawo gida da yara biyu. Ta iya ɗinki, ta koya kafin aure wurin wata Bayarabiya a Mokola har an yi mata firidom, amma ba ta da keke. Tana zaune a ɗaki, ko sabulun wanki sai ta kalli hannuna, kuma na ga abin yana cin ta fiye da sakin kansa. Ku tuna farkon 2023 ne, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ga shi a watan Mayu aka cire tallafin man fetur. Sabon keke ya fi ƙarfina. Na ce da ita, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, zo mu ga abin da kakarki ta bari.

To, yanzu ga yadda muka yi, kuma ina roƙon 'yan mata su kasa kunne, don kurakuran da muka yi ba sai kun maimaita ba.

Abu na farko, keken da ya daskare ba a murɗa shi da ƙarfi. Ɗana ya so ya sa masa ƙarfi, na buge hannunsa. Jikin keken da ƙafafunsa ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, in kuwa ya tsage shi ke nan. Mun shimfiɗa tsohon zane, duk abin da za mu kwance sai an ɗauki hotonsa da waya tukuna, kowace kusa kuma da gwangwanin da muke jefa ta. Muka cire farantin da ke ƙarƙashin allura, abin da muka tarar tsakanin haƙoran keken ya dunƙule kamar audugar katifa. Muka cire da tsohon buroshin haƙori da tsinke. A mazaunin ƙoshiya kuma wani tsohon zare ya nannaɗe ya bushe.

Duk da haka bai motsa ba. Da muka kifa shi muka duba ƙasa, tsatsa ba ta yi yawa ba, sai dai wani abu ja-ja mai danƙo ya lulluɓe kowace gaɓa kamar ƙaro. Daga baya makanike ya ce man gyaɗa ne. Sai na tuna lalle Inna, in man keke ya ƙare mata cikin dare, takan ɗiga na miya. Allah Ya gafarta mata, ba ta sani ba. Man girki in ya daɗe bushewa yake yi ya zama gam. Baƙin man mota ma bai dace ba, ya yi kauri. Man keke shi ne farin nan mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a 'yar kwalba, ba wani ba.

Maganin daskarewa kananzir ne da haƙuri. Muka riƙa ɗiga shi a kowane ramin mai da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sama da ƙasa, mu fitar da shi rana ya ɗumama, da yamma mu ɗan girgiza wilin gaba da baya a hankali. Rana ta farko babu kome. Ta biyu babu kome, har 'yata ta ce Mama mu haƙura. Rana ta huɗu bayan la'asar ina girgizawa ina sauraron rediyo, sai na ji ya ɗan saki, sandar allura ta yi ƙasa kamar faɗin farce. Wallahi sai da na ajiye tsumman na shiga ɗaki, don ban so yara su ga idona. Kafin magariba yana zagayawa. Amma ku lura, kananzir wanki yake yi, ba ya zama mai. Sai an goge shi tas, sannan a bi kowane rami da man keke, ɗigo ɗaya ɗaya, a juya, a goge baƙin da ya fito, a sake.

Ga kuskuren da na yi da hannuna. Na ga jikin ya dushe, sai na ɗauko sifirit na asibiti na goga a kan zanen zinariyar. Nan take wurin ya koma fari-fari, zanen ya tafi. Ashe wani siririn shafi ne aka yi a kan zanen, sifirit kuwa narkar da shi yake yi. Tabon yana nan har yau, kullum na gan shi sai na ji zafi. Kada ku sa sifirit, kada ku sa ruwa da garin sabulu, kada ku sa soson ƙarfe. Auduga da man keke kawai, a yi ta shafawa a hankali, zai yi sheƙi da kansa.

Teburin kuwa gara da ruwan sama sun gama da shi, sai kafinta ya yi sabo ya huda bisa awon tsohon. Ƙafafun lafiyarsu lau, mai kawai suka sha a gaɓoɓin mataki. Bel na fata muka sayo, ana yanka shi daidai, a huda, a haɗa da ɗan ƙarfensa. Kada a ɗaure shi tamau, in ya yi tsauri ƙafa ce za ta gaya miki, in ya yi sako-sako kuma ya riƙa zamewa.

Ƙoshiya ta ɓata tun tuni, kuma nan na ɗauka tafiya ta ƙare, don ina zan sami kayan keken da ya girme ni? Ɗana ne ya duba lambar da aka buga a gindin keken, ya nema a intanet, ya ce an ƙera shi a farkon shekarun 1950 a masana'antar Singer ta Clydebank, kusa da Glasgow a ƙasar Sikotilan, samfurin da ake kira 15K. Masana'antar ma an rufe ta tun 1980. Na ce to shi ke nan. Sai mai kayan keke a cikin gari ya yi dariya, ya ce Hajiya, ai Butterfly ɗin nan na Sin da ya cika shagunanmu, wannan samfurin aka kwaikwaya. Kwarkwaronsa da allurarsa da robar naɗin zare duk suna shiga. Sai dai ƙoshiyar iri biyu ce, akwai mai ɗan ƙaho yana kallon dama, akwai mai kallon hagu, saboda haka ki tafi da hoton mazauninta, kada ki saya da ka. Wannan ita ce babbar maganar da nake so kwamiti ya riƙe: kayan gyaran tsofaffin kekunan nan suna nan a kasuwa, kuma ba su da tsada.

Muka haɗa kome, 'yata ta zauna ta taka. Keke yana gudu kamar ruwa, amma ba ya ɗinki. Ya kama ɗaya ya tsallake uku, a ƙasan yadin kuma zare ya cukurkuɗe kamar gidan tsuntsu. Kwana biyu muna fama, har muka fara kwance abin da bai kamata ba. Daga nan na sauke girman kai na aika aka kira wani tsoho Bayarabe mai gyaran keke, wanda ya ce tun yana yaro yake zuwa Sabo gyara tare da ubangidansa. Da ya ga keken sai ya cire hula ya gaishe shi kamar mutum. Bai yi minti biyar ba ya zare allurar ya nuna mana. Allurar keken masana'anta ce muka sa, mai kai zagayayye. Ta keken gida gefe ɗaya na kanta a shafe yake, kuma a irin namu shafaffen gefen dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu. Ya ce akwai waɗanda nasu akasin haka ne, kowa ya san kekensa. Ya kuma ce allura lamba-lamba ce, 14 ta atamfa da yadi mai laushi, 16 ta shadda mai kauri, 18 ta kaki da jins, kuma allurar da ta dakushe a jefar da ita, kada a yi mata rowa.

Batun cukurkuɗewa kuwa, bayanin da ya yi mana ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina kallon Inna. Ya ce keke da zare biyu yake ɗinki, na sama da na ƙasa. Allura ta kai na sama ƙasa, bakin ƙugiya ya kama shi ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, su sarƙe. In ɗinki ya yi daidai, sarƙewar a tsakiyar yadi take ɓuya, ba a ganinta ta ko'ina. In kika ga tarin zare a ƙasa, kada ki zargi ƙoshiya, na sama ne bai matsu ba. Ya buɗe 'yan faifan nan biyu da ke matse zare, ya goge dattin da ke tsakaninsu, ya canja wani ɗan siririn sifirin da ya karye, ya ce kullum a ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin a zura zare, don a lokacin ne faifan suke buɗewa. Sannan ya ja mana kunne kada mu sake taɓa saitin ƙugiya da allura, ya ce irin wannan keke da wuya saitinsa ya goce, yawanci masu gyaran ganin-dama ne suke gotar da shi. Ya ɗauki ƙyalle ya taka, ɗinki ya fito a jere kamar haƙoran mataji. Ƙarar nan da na sani tun ina yarinya, ita ce ba ta canja ba.

Duk abin da na kashe, da kafinta da makanike da kaya, bai kai rabin kuɗin sabo ba, kuma kafinta ne ya ci mafi yawa. Da teburin yana da rai, da abin bai taka kara ya karya ba.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Ba ya zigzag, ba ya saƙar baki, ba ya aikin wuya, namu ko ribas ba ya yi, sai an juya yadi a danne ƙarshen ɗinki. Gudunsa bai kama ƙafar keken masana'anta ba. Wadda take son buɗe babban shago tana karɓar ɗinkin anko na biki guda, wannan ba zai ishe ta ba. Haka kuma ba kowane tsohon keke ne zai tashi ba. Wanda kansa ya tsage ko sandar cikinsa ta lanƙwashe, a cire kayan jikinsa a bar wa ɗan gwangwan sauran. Amma ga mace a cikin gida, mai kayan yara da kayan makaranta da hijabi da siket da faci da kalmasa, ya isa har ya yi saura. Ba ya neman wuta, ba ya neman janareta. Ranar da masu wuta suka ɗauke, shagunan bakin titi suna lissafin litar fetur, 'yata tana takawa. Ƙaramar Sallar 2024 da kanta ta yi wa yaranta kaya, ta kuma aika wa kawun nata, mai jan makuri, da kaftanin ɗansa. Ya karɓa, ya sa albarka, bai ce kome ba game da miliyoyi.

Ku dubi samarinmu masu yawo da keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi, waɗanda Yarabawa ke kira ejika ni shop, wai kafaɗa ce shago. Wane sabon keke suke da shi? Da shi suke ci, da shi suke aika wa iyaye a gida. Mu kuma muna da irinsa a ƙarƙashin gadaje muna jiran ɗan siyasa ya zo ya raba mana sabo a ɗauki hoto. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne daga cikin waɗanda aka raba a baya suka kwana wata guda ba a kai su kasuwa ba? Ni ban zargi kowa ba, yunwa ba ta da kara. Amma keken da mace ta wanke da hannunta kwana huɗu, na uwarta ko na kakarta, da wuya ta sallama shi.

Tun da na fara wannan magana a layinmu kaɗai, gida biyar sun ce suna da shi a ajiye. Shawarata ga kwamiti ita ce a sayi sababbi biyu maimakon huɗu, a ajiye su a ɗakin ƙungiya kowa ya yi amfani, ɗaya ya zama mai saƙar baki tun da tsofaffin ba sa yi. Sauran kuɗin a sa a gyara. Wadda kekenta na gado ne ta fara zuwa da yardar magada a gaban malam. Wadda take da keke amma ba mai ɗinki a gidanta, tana iya ba ƙungiya aro ko ta sayar, a rubuta a takarda da shaidu biyu, don kada gobe a ji kanmu. Sannan a sa 'yan mata biyu ko uku su zauna kusa da tsohon nan duk ranar da zai yi gyara, domin ya tsufa ƙwarai, hannunsa har rawa yake yi, kuma ya gaya mini yaransa babu wanda ya gaje shi.

Na yi magana da shi, ya yarda zai zo ranar Asabar ta sama bayan azahar, a nan harabar makarantar Islamiyya. Kan keken kawai za a kawo, a bar ƙafafun a gida tukuna. A ɗauke shi ta ƙasa da hannu biyu, yana da nauyi, kada a ba yaro. Kowace ta zo da tsumma da gwangwani biyu da 'yar kwalbar kananzir, kuma don Allah kada wadda ta ce bari ta wanke nata da ruwa kafin ta zo don kunyar datti. Masu so su ba sakatariya sunansu kafin a tashi. Namu yana can bayan ɗaki na sa an kawo, duk mai so ta je ta taka ta ji.